Kurmin Mama Saratu

Gonin Gora, Kaduna
9 ga Oktoba, 2022

'Yata Damaris,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, aiki da baƙunta a ƙasar Japan ba su fi ƙarfinki ba. Jethro ne, ɗan kawun marigayi mahaifinki Yakubu, wanda ya yi aiki a masaƙa a Kakuri. Rabonki da ganina tun bikin ɗana Victor, kina 'yar sakandare. Injinan masaƙa sun kashe mini kunne, waya ba ta yi mini amfani, shi ya sa nake rubutu da hannu. Grace matar Victor za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Ni lafiyata lau, in ban da gwiwa. Matata, Mamanki Saratu, ce ba daɗi. A watan Yuli hawan jini ya kayar da ita a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mun yi sati uku a asibiti, yanzu tana kwance a ɗaki. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, amma sai an kasa kunne sosai, ni kuma ga kunnen nawa. Grace ce ke maimaita mini abin da ta ce.

Magana ɗaya take ta yi: a kai ta gida ta ga kurmi. Kin san kurmin da ke bayan gidan kakanninku a Bakin Kurmi, wanda mata ke ratsawa su je rafi. Kin kuma san abin da 'yan bindiga suka yi wa garin shekara uku da suka wuce, ba sai na tuna miki ba. Babu kowa a can yanzu. Wani direba da ya bi ta wajen ya ce mini ko kurmin ma babu shi, masu gawayi sun cinye shi tas. Ban faɗa mata ba. Kullum ce mata nake hanya ba kyau, mu ɗan jira.

Ga dalilin wasiƙata. Tun da aka rufe masaƙa, furanni da 'yan itatuwan dashe nake sayarwa a bakin titin Abuja. Kwanan baya Grace ta nuna mini hoton da kika turo wa dangi daga wurin aikinki. Na ɗauka wani daji ne aka hango daga nesa, sai da na ga hannun mutum a gefe na gane ashe duk a cikin tire yake. Na kwana biyu hoton nan bai bar raina ba.

Na gwada haɗa mata kurminta a haka. Na samo tsohon daro, na jera mangwaro huɗu, gwaiba uku, maɗaci biyu. Sun kama, sun yi kore shar. Da na kai mata ɗaki, ta dube shi ta ce, “Wa za ka sayar wa?”

Gaskiyarta. Kowa ya gani ya san irin dashe ne a cikin daro. Me nasu yake da shi wanda nawa ba shi da shi? Ki koya mini, don Allah.

Babanki,
Jethro

*

Japan
6 ga Nuwamba, 2022

Baba Jethro,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na gane ka tun kafin in gama layin farko. Kai ne kake kawo mana yadin atamfa duk Kirsimeti. Labarin Mama ya taɓa ni ƙwarai, ba wanda ya faɗa mini. Ubangiji ya taɓa ta. Ni ina nan lafiya, sanyi ya fara shigowa.

Baba, ni ma almajirar sana'ar ce. Suna kiranta bonsai, wato renon itace a cikin tire ya tsufa ba tare da ya yi girma ba. Tsohon da nake wa aiki sai da ya sa ni cire ciyawa da ban ruwa shekara biyu kafin ya bar ni na riƙe almakashi. Amma abin da na gani zan faɗa maka.

Ganye ne ya tona maka asiri. Ido da ganye yake auna itace. Ganyen mangwaro ɗaya ya kusa rabin tsayin ɗan itacen da yake jikinsa, to da ido ya ga haka ya san jariri ne. Ka nemo masu ƙananan ganye, kamar tsamiya, marke, bagaruwa. Su za su tsaya a madadin maɗaci da sauran manyan kurmi.

Sannan kada su zama sa'o'in juna. A kurmi akwai kaka, akwai uba, akwai jika. Ka samo ɗaya mai kauri sosai, shi ne uban wurin, ka sa shi gaba, ɗan gefe da tsakiya. Masu bi masa su kewaye shi, wasu har su matse juna. Sirara 'yan ƙanana su koma can baya, sai ido ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙanta su. Kada ka jera su kamar gonar rogo. Tsohon nan in ya ga itace uku a layi ɗaya sai ya tumɓuke na tsakiya, ko kallona ba ya yi. Ka kuma bar fili a gefe ɗaya, kada ka cika tiren.

Daro ya yi zurfi. Tire kake so mai faɗi, zurfinsa kada ya wuce yatsa huɗu, da huji a ƙasa don ruwa ya fita. Kafin itace ya zauna a irin wannan, sai an yanke babbar saiwar da ke nutsawa ƙasa, a bar ƙananan. Kada ka ji tausayi. Lokacin yanke saiwa da dashe watan Maris ne, kada ka riga shi, kada ka wuce shi.

Abu ɗaya kuma, don kada ka yi zaton ka kasa. Wanda ka gani a hoto ya girme ni. Ko ƙaramin kurmi yakan ɗauki shekara biyar kafin ya fara kama da gaske.

A gaida Mama, a gaida Anti Grace.

'Yarka,
Damaris

*

Gonin Gora
15 ga Janairu, 2023

'Yata Damaris,

Gaisuwa da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya. Mun yi Kirsimeti a gida. 'Yan zumuntar mata sun zo da gangunansu sun yi wa Mamanki waƙa a tsakar gida, muka buɗe mata taga. Na ga leɓenta yana bin waƙar. Amma ta rame. Tuwo ba ya wucewa sosai, sai kunu.

Na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a ninki, don Victor ya bugo mini ita a takarda. Maganar ganye gaskiya ce. Na je na tsaya gaban daron nan na ji kunya.

Akwai abokina Malam Ɗahiru, tare muka yi shekara goma sha tara a ɗakin rini na masaƙa, yanzu tukwanen furanni na siminti yake bugawa a Makera. Na kai masa awo. Ya ce, “Jethro, tsufa ya sa za ka koma suyar masa ne?” Na faɗa masa dalili. Bayan kwana biyar sai ga shi da tiren a bayan mashin, ya naɗe shi da buhu. Tsawonsa daga kafaɗata zuwa yatsa.

Na tara itace goma sha ɗaya: tsamiya biyar, marke huɗu, bagaruwa biyu. Uban wurin wata tsamiya ce da ta yi shekara shida a cikin bokitin fenti a rumfata, ba wanda ya saya don ta karkace. Kaurinta ya kai ƙotar fartanya. Duk suna nan cikin leda suna jiran Maris.

Amma shekara biyar, Damaris. Na daɗe a kan layin nan. Ku da kuke nesa kuna da lokaci. Wanda yake kusa shi yake ganin yadda mutum ke ƙarewa. Mamanki ba ta da shekara biyar. Ban tabbata tana da ɗaya ba. In akwai wata hanya gajera, ki tambayar mini tsohon naku.

Babanki,
Jethro

*

Gonin Gora
23 ga Afrilu, 2023

Damaris,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Grace ta ce alamar waya ta nuna kin buɗe wasiƙata tun ranar da aka tura ta. Wata uku ke nan.

Mamanki tana nan. Zafin bana ya wahalar da ita, bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya. Grace na juya ta safe da yamma.

Na yi abin da kika ce. Ranar goma sha biyu ga Maris na fitar da su daga leda, na yanke manyan saiwoyin, na dasa su yadda kika tsara. Kin san Maris ɗin Kaduna. Kwalta na manne wa takalmi, rijiyarmu ta ƙafe. Zuciyata ta ce mini kada in yi. Shekara goma sha biyar ina dashe, ban taɓa taɓa saiwar itace da bazara ba. Amma na ce wannan sana'a ce ta daban, yarinyar nan tana zaune wurin masu ita, ni wa?

Na sa tiren a inuwar zaure, na rufa masa jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafa ruwa sau huɗu a yini. Kwana na shida ganyen tsamiyoyin ya fara rufewa da rana tsaka, bai sake buɗewa ba. Bakwai sun mutu. Har da babbar. Na karce bayanta da farce ina neman kore, babu, sai busasshen itace.

Na riga na yi kuskuren faɗa wa Mamanki cewa ina haɗa mata wani abu. Yanzu duk shigata ɗaki sai ta kalli hannuna.

Ba don in ɗora miki laifi na rubuto ba. Amma ki amsa mini, ko layi ɗaya ne. In na yi miki wani abu ki faɗa.

Jethro

*

Japan
4 ga Yuni, 2023

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma durƙusawa. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Da ciwo ne da ya fi mini sauƙin faɗa.

Laifin itatuwan nawa ne ni kaɗai. A nan Maris ƙarshen sanyi ne, itace yana farkawa, ƙasa da danshi. Na kwafo maka watan kamar yadda nake jin ana faɗa kullum, ban tsaya na tuna cewa Maris ɗinmu wuta ne ba. Ni da aka haifa a can. Da na faɗa wa tsohon abin da ya faru, ya tambaye ni, “A ƙasarku yaushe itace ke fitar da sabon ganye?” Na ce farkon damina. Ya ce, “To me ya kai ki ba shi sunan wata?” Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na shiga bayan rumfa na yi kuka.

Shirun kuma, ga dalilinsa. Ka rubuta cewa mu da muke nesa muna da lokaci, wanda yake kusa shi yake ganin yadda mutum ke ƙarewa. Baba, lokacin da aka kashe mahaifina ina Legas ina jiran takardun tafiya. Aka ce in na koma gida na rasa gurbin. Ban zo ba. Aka binne shi ba ni. Shekara uku da rabi ina jiran wani a dangi ya faɗa mini wannan a fuska, sai na ga kamar kai ne ka faɗa. Na rufe wayar. Na ce gobe zan amsa, gobe ta zama sati, sati ya zama wata. Da na amsa a Janairu, wataƙila da na sake duba abin da na rubuta na ga kuskuren tun da sauran lokaci. Sai wasiƙar Afrilu ta zo, kunya ta ƙaru a kan kunya.

Ka yafe mini.

Na tambayar maka gajerar hanya. Ya ce akwai, amma sai da ƙafa. Ka je inda ƙasa ba ta da zurfi, kan duwatsu, inda awaki ke kiwo. Za ka ga itatuwan da aka yi shekaru ana cinye musu kai, tsayinsu bai wuce gwiwa ba amma gindinsu ya yi kauri, bawonsu ya tsattsage. Sun riga sun tsufa, wahala ta yi maka aikin shekarun. Ka haƙo su da ƙasarsu yanzu da ruwa ya sauka. Huɗun da suka rayu su koma baya.

Kada ka jefar da babbar tsamiyar da ta mutu. Ka bar ta a tsaye a ciki. Ya ce babu kurmin gaske da ba shi da matacce.

'Yarka,
Damaris

*

Gonin Gora
20 ga Agusta, 2023

'Yata Damaris,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na ji daɗin ganin rubutunki fiye da yadda zan iya faɗa. Damina ta yi kyau, gwiwa ta yi sauƙi. Mamanki kuma jiki sai a hankali. Tari ya shigo mata.

Bari in fara da maganar mahaifinki. Ni na riƙe ƙafafun Yakubu aka sa shi a rami, shi da mutum goma sha huɗu, rami ɗaya, sojoji na tsaye suna cewa mu yi sauri. Ran nan ba wanda ya ƙirga wa ya zo, wa bai zo ba. Da kin zo, da ba mu bar ki kin sauka daga mota ba. Abin da na rubuta a Janairu, tsorona nake faɗa, ba ke nake nufi ba. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Ki ajiye wannan kayan, ya isa haka.

Mun je duwatsun bayan Kakau, ni da Malam Ɗahiru a mashin ɗinsa. Victor ya yi faɗa sosai, don an sha ɗaukar mutane a wajen. Ɗahiru ya ce masa, “Wa zai ɗauki tsofaffi biyu da diga? Abinci kawai za mu ƙarar musu.” Muka tafi da hantsi, muka dawo kafin azahar. Duk motsin ciyawa sai gabana ya faɗi. Mun samo marke uku da tsamiya biyu a tsagar dutse, kamar yadda tsohonku ya faɗa. Ɗaya marken kaurinsa ya kai wuyan hannuna, amma bai kai gwiwata ba. Ban san shekarunsa ba. Na ji nauyin cire shi.

Duk sun kama, ko ɗaya bai yi yaushi ba. Na shimfiɗa gansakukar da na kankaro daga jikin katangar majami'a, na tsaya na duba. Damaris, ya yi kyau. Masu wucewa suna leƙowa ta zaure. Wata mata ta tambaya ko na roba ne.

Ranar Lahadi bayan sujada ni da Victor muka ɗauka muka kai ɗaki, muka ajiye a ƙasa gaban gadonta. Grace ta tallafo ta. Ta leƙa ƙasa ta dube shi, ba ta daɗe ba. Ta ce wani abu. Na ce da Grace, “Me ta ce?” Grace ta shiga gyara mata filo. Na sake tambaya. Ta ce, “Baba, ta ce ba shi ba ne.”

Ta juya fuska bango. Ran nan ko kunu ba ta sha ba.

Na mayar da shi zaure. Ban san abin da ya rage ba. Wataƙila wauta ce tun farko, tsoho yana wasan yara a gaban mai ciwo.

Babanki,
Jethro

*

Japan
3 ga Satumba, 2023

Baba,

Ina gaisuwa. Na gode da abin da ka faɗa a kan mahaifina. Ba wanda ya taɓa ba ni labarin ranar. Na karanta sau ɗaya, ban iya sakewa ba tukuna. Ina yi wa Mama addu'a a kan tarin.

Ka ce a ƙasa kuka ajiye tiren, ita tana kan gado. Baba, daga sama ta gan shi ke nan, kamar shaho. Mama ba ta taɓa ganin kurmi daga sama ba. Daga ciki ta san shi, tana yarinya da tulu a ka, itatuwa sun rufe mata sama. Ni ma haka na san shi. Na tuna ina riƙe da zanin kakata, in na ɗaga kai ba na ganin inda suka ƙare.

A nan ba a taɓa ajiye tire a ƙasa. A kan benci mai tsayi ake sa shi, mai kallo ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da gindin itatuwan. Ka ɗaga shi. Kada ku tayar da ita zaune. Tana kwance yadda take, ƙasar tiren ta yi daidai da idonta, ko ta ɗan fi. Ku matso da shi kusa, haske ya fito ta bayansa.

Kuma ka tambaye ta abin da babu. Ni da kai da tsohon nan duk zato muke yi. Ita ce ta san wurin.

'Yarka,
Damaris

*

Gonin Gora
12 ga Nuwamba, 2023

'Yata,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, mun sake kwana goma sha biyu a asibiti. Sun ce ruwa ne a huhu. Mun dawo gida, likita ya ce mu riƙa ba ta abin da take so.

Kafin mu tafi asibitin na yi abin da kika ce. Na jera bulo shida tsakanin gado da taga, na ɗora katako, muka ɗora tiren. Sai da na kwanta a gefenta na gwada da idona, na ƙara bulo ɗaya. Damaris, ni da na dasa su da hannuna, sai da tsigar jikina ta tashi. Babban marken ya tafi sama, na bayan sun yi nisa, kamar in ka shiga za ka yi tafiyar rabin awa.

Da ta farka ta buɗe ido a kansa. Ba ta juya bango ba. Ta daɗe, har Grace ta gama wanke-wanke ta dawo. Sai ta ce, “Ina hanya?”

Wannan ni da kaina na ji, ba a maimaita mini ba.

Na ce ta nuna mini. Ta ɗaga hannun hagu, ta ja yatsa a iska daga gefen mataccen itacen, ta lanƙwasa bayan babban marke. Na kawo cokali na kankare gansakukar, na zuba yashi mai laushi da na tankaɗe da rariyar Grace. Na yi hanyar da faɗin yatsa biyu a gaba, tana tafiya tana sirancewa har ta ɓace a baya. Ta ce a'a, ta yi miƙe da yawa. Na gyara. Ta ce akwai dutse inda ake sauke tulu a huta. Na kawo tsakuwa, ta ce ya yi girma, ai ba dutsen Kufena ba ne. Grace ta ce dariya ta yi. Sai da na kawo guda biyar kafin ta yarda da ɗaya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Tun daga ranar ba ta sake cewa a kai ta gida ba. Ban sani ba ko ta gane cewa na gaskiyar babu shi. Ina jin ta gane tun tuni. Da safe ina fitar da tiren ya sha rana, in ta farka ba ta gan shi ba sai ta riƙa bugun gado da hannu. Tana magana da shi da yarenmu, ba da Hausa ba, tana kiran sunayen ƙawayenta na yarinta. Yawancinsu ni na san inda aka binne su.

Ki yi mana addu'a. Ba ta da nauyi ko kaɗan yanzu, ni kaɗai nake ɗaga ta.

Babanki,
Jethro

*

Gonin Gora
28 ga Janairu, 2024

'Yata Damaris,

Gaisuwa. Na san Victor ya kira ki, na kuma ga saƙonki, Grace ta karanta mini. Na gode. Ni ina nan, ina cin abinci, kada ki damu.

Ranar Talata tara ga wata ne Mamanki ta rasu, wajen ƙarfe goma na safe. Na fitar da tiren rana, na tsaya ina cire 'yan ciyayi a ciki. Grace ta fito ta taɓa kafaɗata. Ba na ɗakin, tiren ma ba ya ɗakin. Bulo kawai ke gabanta. Wannan ne yake damuna. Da na ƙara minti goma ban fitar da shi ba. Fasto ya ce kada in riƙa wannan tunani, na ce to.

Ta so a kai ta gida. Ba hali. A nan Kaduna muka binne ta.

Mutanen Bakin Kurmi sun zo gaisuwa, waɗanda suka rage. Daga Trikania, daga Kakau, wasu daga Sabon Tasha. Ban san mun watsu haka ba sai da na gan mu a tsakar gida ɗaya, kuma ba mu cika ta ba. Tiren yana zaure a kan bulo, don ban san inda zan kai shi ba. Kwana na uku wata tsohuwa, Mama Edith, matar marigayi Shekari mai gidan da ke bakin hanyar rafi, ta zo fita sai sandarta ta faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, ba ta miƙe ba. Ta durƙusa a wurin. Can sai ta ce, “Wa ya sa dutsen hutu a nan?”

Ta kira sauran. Tsofaffin mata shida, da zannuwan makoki, suka durƙusa a zaurena suna ture juna. Ɗaya ta ce hanyar ta fi haka kwana. Ɗaya ta ce a'a, daidai ne, kin manta ne. Wata ta nuna bayan marken ta ce ta nan suka bi ran da aka shigo garin, ita da jikokinta uku, da biyu ta fita. Suka daɗe a durƙushe, sai da aka kama su aka tayar.

Mama Edith ta ce za su riƙa zuwa ranar Lahadi bayan sujada. Ba tambayata ta yi ba. Sun zo sau biyu yanzu, jiya ma wani tsoho ya aiko a tambaya ko maza za su iya zuwa. Victor yana so in koma wurinsa a Abuja, inda yake aiki yanzu. Na ce masa ba yanzu ba.

Marken ya fara fitar da dogayen rassa ta sama, suna ɓata tsarin. Ki tambayar mini tsohonku nawa ake ragewa, kuma wannan karon ki faɗa mini da damina ko da rani.

Ni ban sake sunkuyawa na duba ba tun ranar. A tsaye nake ba shi ruwa. Daga tsaye tire ne kawai da 'yan itatuwa, hakan nake iya ɗauka yanzu.

Babanki,
Jethro